WILLIAM WILBERFORCE, BAWAN ALLAH A CIKIN MAJALISAR INGILA

A lokacin murna irin wannan al'adarmu ce mu waiwaya baya, mu tuna da bayin Allah waɗanda suka riga mu, domin mu gode wa Ubangiji saboda su, mu kuma yi koyi da su. Yawanci labarin masu bishara mu kan bayar, waɗanda suka bar ƙasarsu suka haye teku. Amma mutumin da za mu ba da labarinsa a nan bai taɓa taka ƙasar Afirka ba, ba a kuwa taɓa naɗa shi fasto ba. Ɗan siyasa ne, ya yi wajen shekara 45 cikin Majalisar Ingila. Mun zaɓe shi domin abubuwan da su ke damun masu bi a garuruwanmu su ne suka dame shi, watau rabuwar da siyasa ta kan kawo tsakanin abokai, da shagulgulan duniya masu jan zuciya, da riƙon gida.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 24 ga Agusta 1759 a Hull, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin Ingila. Ubansa attajiri ne mai fatauci ta teku. Yaron ƙanƙane ne, ba shi da ƙarfin jiki, ga raunin ido, amma Allah ya ba shi murya mai daɗi da saurin fahimta. Cikin 1768 ubansa ya rasu, aka kai shi wurin baffansa kusa da Landan. Baffan nan da matarsa masu bi ne na gaske, suna ƙaunar wa'azin George Whitefield. A gidansu yaron ya fara jin bishara, zuciyarsa kuwa ta karɓa.

Da uwarsa ta ji labari sai hankalinta ya tashi, gama manyan mutanen Ingila na zamanin nan su kan je sujada ran Lahadi, amma suna raina duk wanda ya riƙe addini da zafi. Cikin 1771 ta komo da shi Hull, aka shiga kai shi gidajen wasa da wuraren rawa da liyafa da karta, har ɗan hasken nan ya dushe.

Cikin 1776 ya shiga jami'ar Kambirij. Kakansa da baffansa suka rasu suka bar masa dukiya mai yawa, saboda haka bai mai da hankali ga karatu ba, sai hira da karta har tsakar dare. A can ya san William Pitt, suka zama aminai. Cikin 1780, yana da shekara 21, aka zaɓe shi wakilin Hull a Majalisa. Ya kashe fiye da fam 8,000 a zaɓen nan, gama a lokacin a fili a ke sayen ƙuri'a. A Landan kowane gidan manya yana marmarinsa, domin ya iya waƙa, ya iya kwaikwayon muryar mutane har kowa ya yi ta dariya. Ya shiga caca kuma, amma wata rana ya ci fam 600 daga hannun waɗansu da ba su da halin wannan hasara, ya ga fuskokinsu, abin ya dame shi har ya bari. Cikin 1783 Pitt ya zama Firayim Minista yana da shekara 24. Cikin 1784 Wilberforce ya ci kujerar Yorkshire, wadda ta fi kowace gunduma girma a Ingila. Ga kuɗi, ga suna, ga amininsa shi ke riƙe da mulki. Ga idon duniya ba abin da ya rage masa.

Tubansa

A ƙarshen shekaran nan ta 1784 ya tafi yawon shan iska kudancin Faransa tare da uwarsa da 'yar'uwarsa, ya gayyaci wani malami mai suna Isaac Milner ya raka shi. Bai san malamin nan mai bi ne na gaske ba. Cikin keken doki suka yi ta muhawara a kan addini, suka karanta wani littafi na Philip Doddridge a kan yadda bangaskiya ta ke tsiro ta yi girma cikin rai. A tafiya ta biyu cikin 1785 suka karanta Sabon Alkawari da Helenanci. Kansa ya fara yarda, daga baya zuciya ta bi. Ya ga shekarun da ya ɓatar, baƙin ciki mai tsanani ya kama shi wata da watanni. Ya fara tashi da asuba domin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya janye sunansa daga gidajen caca da shagali.

Sa'an nan babbar tambaya ta zo masa. A ganinsa Majalisa wurin ƙarya ce da neman girma, mai bi ba shi da zama a ciki, ya kamata ya fita. Cikin Disamba 1785 ya tafi a ɓoye wurin John Newton, wani tsohon fasto a Landan wanda ya sani tun yana yaro a gidan baffansa. Newton dā kyaftin ne na jirgin bayi, ya yi ta zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ya gargaɗe shi kada ya bar Majalisa, ya tsaya ya bauta wa Allah a wurin da Allah ya ajiye shi. Pitt ma, ko da shi ke bai bi hanyar bangaskiyarsa ba, ya roƙe shi ya zauna. Wilberforce ya zauna. Kujerarsa ba ta sāke ba, amma ubangidansa ya sāke. Haka Yusufu ya yi a gidan Fir'auna, haka kuma Daniyel a fadar Babila.

Yaƙi da Cinikin Bayi

A zamanin nan jiragen Ingila, yawancinsu daga Liverpool da Bristol da Landan, su kan ɗebi mutane daga gaɓar Afirka su kai su tsibiran da ke hayin Tekun Atlantika, kamar Jamaika da Barbados, domin noman rake. Tun daga farkon cinikin har ƙarshensa jiragen Ingila sun kwashi mutum fiye da miliyan 3, da yawa kuwa sun mutu a hanya. Cikin Mayu 1787 mutum 12 suka kafa ƙungiya a Landan domin hana wannan ciniki, 9 daga cikinsu 'yan ɗariƙar Kweka ne. Thomas Clarkson shi ya yi ta yawo tashoshin jiragen ruwa yana tara shaida daga bakin matuƙa. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya ɗanɗana bauta, ya buga labarin ransa cikin 1789, mutane da yawa suka karanta. Abin da suka rasa shi ne baki a cikin Majalisa. Wilberforce ya zama bakin nan.

Ran 12 ga Mayu 1789 ya yi jawabi fiye da awa 3 a gaban wakilai. Abin lura, bai ɗora laifin a kan abokan gābansa kaɗai ba, ya sa kansa da Majalisa duka cikin masu laifi, tun da shi ke sun bar abin yana gudana a ƙarƙashin ikonsu. Cikin Fabrairu 1791 John Wesley, kwana kaɗan kafin rasuwarsa, ya rubuta masa takarda yana ƙarfafa shi kada ya gaji. Cikin Afrilu na shekaran nan aka jefa ƙuri'a, aka kā da shi, 163 ga 88. Cikin 1792 jama'a suka aika wa Majalisa takardun roƙo fiye da 500, mutane wajen 300,000 suka daina shan sukarin da bayi suka noma. Duk da haka masu dabara suka sa kalma guda cikin shawarar, cewa a hana cinikin sannu sannu. Da wannan kalma aka jinkirta maganar shekara da shekaru.

Sai ga juyin mulki a Faransa ya ƙazanta, yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Ingila cikin 1793. Ƙasa ta rabu biyu. Duk wanda ya yi maganar 'yanci sai a ce ɗan tawaye ne, abokin Faransa. Aka yi ta zaginsa a takardun labari. Wani kyaftin na jirgin bayi ya yi masa barazana har ya zamana sai da mai rakiya ya ke tafiya. Shekara bayan shekara ya kan kawo maganar, shekara bayan shekara a kan yi watsi da ita.

Abota da Gaskiya

A nan ne mu ke so 'yan'uwa su lura ƙwarai. A zamanin nan akwai ɓangare biyu a Majalisa, Tori da Wig. Wilberforce ya fi karkata wajen Pitt, amma bai taɓa ba da wuyansa ga kowane ɓangare ba, bai kuwa taɓa riƙe muƙamin minista ba. Ya kan duba kowace magana a gaban Allah, sa'an nan ya jefa ƙuri'a.

Wannan hali ya jawo masa wahala. A ƙarshen 1794 ya tashi a Majalisa ya nemi a yi ƙoƙarin sulhu da Faransa, alhali Pitt shi ke jagorar yaƙin. Pitt ya ji zafi, Sarki Joji na Uku ya juya masa baya a fada, mutanen gundumarsa da yawa suka yi fushi. Bayan 'yan watanni abokan nan biyu suka shirya. Cikin 1805 kuma aka zargi Lord Melville, ministan jiragen yaƙi, babban na hannun daman Pitt, da sakaci a kan kuɗin gwamnati. Wilberforce ya ga zargin yana da tushe, ya tashi ya faɗi haka, Pitt yana zaune yana dubansa. Ƙuri'a ta zo daidai, 216 da 216, Shugaban Majalisa ya raba gardama, aka kā da Melville. Abin ya yi wa Wilberforce ciwo, gama yana ƙaunar Pitt, amma bai sayar da gaskiya saboda abota ba, bai kuwa yar da abota saboda sun saɓa ba. Da Pitt ya rasu cikin Janairu 1806, yana cikin waɗanda suka yi masa rakiya zuwa kabari.

Mulki ya koma hannun Lord Grenville da Charles Fox. Fox ɗan Wig ne, babban abokin hamayyar Pitt, sananne kuma wajen caca. Amma yana ƙin cinikin bayi da zuciya ɗaya, Wilberforce kuwa bai ce ba zai yi aiki da shi ba domin ba ɓangarensu ɗaya ba. Suka haɗa kai. Fox ya rasu kafin a gama, amma ran 23 ga Fabrairu 1807 aka kawo maganar, ƙuri'a ta fito 283 ga 16. Wakilai suka tashi suna yi masa tafi, shi kuwa yana zaune, kansa a sunkuye, hawaye suna zuba. Ran 25 ga Maris Sarki ya amince, ta zama doka. Shekara 20 ke nan tun da ya ɗauki aikin. Gaskiyar Hausawa, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Shagulgulan Duniya

Tun cikin 1787 ya rubuta a littafinsa na kowace rana cewa aiki biyu Allah ya sa a gabansa, hana cinikin bayi da gyaran halin jama'ar ƙasarsa. A ganinsa biyun nan ba su rabuwa, gama mutanen da shagali ya kashe musu zuciya ba za su ji kukan bawa ba. Ya kuwa ga shaidar wannan da idonsa. Cikin Maris 1796 ya kusa cin nasara, aka kā da shi da ƙuri'a 4 kaɗai, 74 ga 70, domin waɗansu magoya bayansa sun tafi kallon wani sabon wasan waƙa irin na Italiya a daren nan. Shekara 11 aka ƙara ana ɗibar mutane kafin a sāke samun nasara.

Cikin 1797 ya buga littafi yana gwada addinin suna, wanda manyan ƙasarsa su ke yi, da bangaskiya ta gaske. Mai ɗab'i ya yi tsammani ba zai sayu ba, amma cikin wata 6 aka sayar da 7,500, aka kuma juya shi da Faransanci da waɗansu harsuna. Shi kansa ya daina zuwa gidan wasa. Ya yi gāba da cacar da gwamnati ta ke shiryawa domin samun kuɗi, da wasan cuna wa bijimi karnuka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi cikin 1824.

Amma kada a zaci ya zama mai ɗaure fuska. Har tsufansa mutum ne mai raha da waƙa, gidansa kullum cike da baƙi. Bai kuma tsaya ga hani kaɗai ba. Ya ba Hannah More kuɗi ta buɗe makarantu domin 'ya'yan matalauta a ƙauyuka. Shi da abokansa na unguwar Clapham suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta Ekklesiyar Ingila cikin 1799, da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki cikin 1804. Ma'auninsa shi ne, me abin nan ya ke ci daga lokacin mutum, me kuwa ya ke bari cikin zuciyarsa.

Gidansa

Yana da shekara 37 ya auri Barbara Spooner, ran 30 ga Mayu 1797. Allah ya ba su 'ya'ya 6, maza 4 mata 2. Tun cikin 1788 ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, likitoci suka ba shi ofiyom, maganin da a ke bayarwa a lokacin, bai kuwa rabu da shi ba har mutuwarsa. Ya kiyaye ran Lahadi, ya kan ajiye takardun Majalisa domin sujada da iyali. Ya haddace Zabura 119, ya kan maimaita ta a hanya sa'ad da ya ke komowa gida da ƙafa. Kafin aurensa wajen rubu'in abin da ya ke samu ya kan bayar sadaka. Cikin 1812 ya sauka daga babbar kujerar Yorkshire ya karɓi wata ƙarama mai suna Bramber, saboda rashin lafiya, da kuma domin ya sami lokacin 'ya'yansa. Ba kowane mai girma ya kan yarda ya rage girmansa saboda gidansa ba.

Inda Ya Kāsa

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dauda ba, mu ma ba za mu ɓoye nasa ba. Tsoron irin abin da ya faru a Faransa ya sa ya goyi bayan dokar 1799 wadda ta hana ma'aikatan Ingila kafa ƙungiya. Cikin 1819, da sojan doki suka afka wa taron talakawa a Manchester suka kashe mutane, ya ƙi yarda a yi bincike, ya kuma goyi bayan dokoki masu tsanani da suka biyo baya. Wani marubuci mai suna William Cobbett ya zarge shi da jin tausayin na nesa da mance na kusa. Zargin nan ba duka ne gaskiya ba, amma akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ya ga zalunci a hayin teku bai gan shi sosai a bakin ƙofarsa ba. Wannan ya isa ya hana mu mai da kowane shugaba gunki, ko da mai bi ne.

Ƙarshen Kwanakinsa

Dokar 1807 ciniki ta hana, ba ta 'yanta waɗanda su ke cikin bauta ba. Cikin 1823 aka kafa sabuwar ƙungiya domin kawar da bautar kanta. Ƙarfinsa ya ƙare, bayansa ya tanƙware, sai ya danƙa aikin ga Thomas Fowell Buxton, ya bar Majalisa cikin 1825. Gwaji ya bi shi har gida. 'Yarsa ta fari ta rasu cikin 1821, ta biyu cikin 1832. Babban ɗansa ya shiga sana'ar madara ta karye, uban ya ɗauki bashin, yawancin dukiyarsa ta tafi. Ya bar gidansa, shi da matarsa suka koma zama a gidajen 'ya'yansu biyu waɗanda su ke aikin fasto. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun shaida bai yi gunaguni ba, godiya ya ke yi.

Bayin ma ba su zauna jiran Majalisa ba. A ƙarshen 1831 dubbai suka tashi a Jamaika, shugabansu Samuel Sharpe, dikon na ekklesiyar Baptis, aka rataye shi cikin 1832. Tashin nan ya girgiza Ingila. Ran 26 ga Yuli 1833 aka kawo wa Wilberforce labari a kan gadonsa cewa dokar 'yanta bayi ta tabbata za ta wuce. Bayan kwana 3, ran 29 ga Yuli, ya huta. Aka binne shi a babbar majami'ar Westminster kusa da Pitt, wakilai na kowane ɓangare suka halarta. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834, ta shafi mutum wajen 800,000. Gwamnati ta biya iyayengijin bayi fam miliyan 20, bayin kansu ba a ba su ko anini ba, aka kuma tilasta wa yawancinsu ci gaba da aiki har 1838. Shari'ar mutum ko ta yi kyau ba ta kan cika ba.

Abin da Ya Iso Gare Mu

Bayan 1807 jiragen yaƙin Ingila suka shiga tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Saliyo. Cikin waɗanda aka kuɓutar a 1822 akwai wani yaro Bayarabe, shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop cikin 1864. Akwai Hausawa kuma cikin 'yantattun Saliyo, daga bakinsu wani mai bishara Bajamushe, James Frederick Schön, ya fara koyon Hausa, ya buga littafin kalmominta cikin 1843, daga baya ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki. Ƙungiyar nan da aka kafa cikin 1804 ita ce ta buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa cikin 1932. Wilberforce bai san harshenmu ba, amma muna cin 'ya'yan itacen da ya taimaka aka dasa.

'Yan'uwa, lokacin zaɓe ya kan zo, mu ga masu cin jibin Ubangiji tare sun daina gaisawa saboda jam'iyya. Waɗansu kuma su kan ce siyasa ƙazanta ce, su naɗe hannu su bar ta ga azzalumai. Ran mutumin nan ya tsauta wa duka biyu. Wanda Allah ya kira ga aikin jama'a, bari ya shiga, amma ya san Wanda ya ke bauta wa. Ya faɗi gaskiya ko ta taɓa amininsa, ya karɓi gaskiya ko daga bakin abokin hamayya ta fito. Samarinmu su auna waƙoƙi da wasanni da kallon da su ke cinye musu dare, su tuna da ƙuri'a 4 ɗin nan. Magidanta su tuna da wanda ya rage kujerarsa domin 'ya'yansa. Dukanmu kuwa mu roƙi Ubangiji ya buɗe idanunmu ga zaluncin da ke bakin ƙofarmu, wanda sabo ya hana mu gani.

Allah ya ba mu alherin tsayawa da aminci a inda ya ajiye kowannenmu, har ran da za mu ba da lissafi a gabansa. Amin.